Bashin Wata Biyu

Jirgin ruwan asibiti sau ɗaya yake zuwa a wata,
shi ma in teku ta ga dama.
A tsibirinmu, can ƙasan Chile,
ruwan sama ne maƙwabci na kusa,
sai dankali, sai tumaki, sai ni da komata.

Ran Laraba na naɗe Eleuterio a bargon ulu,
Griselda na biye, katinsa cikin leda a ƙirjinta.
Ban ce mata komai ba a hanya.
Abin da ke cina ya kwana uku a maƙogwaro:
'yar gidan Oyarzo, da aka haifa mako guda da shi,
tana zaune daram kamar tulu,
nawa kuwa in ka zaunar da shi
sai ya karkace, ya zube kamar jiƙaƙƙen buhu.

Bakwaini ne.
Ya zo tun ba a gama saƙa hularsa ba.
Na gan shi cikin kwalba a babban gari,
duk jikinsa bai kai kifin da nake mayarwa ruwa ba.

Erminda, ma'aikaciyar jinya, ta hura tafin hannunta
ta ɗumama shi kafin ta taɓa yaron.
Ta tuɓe shi, ta ɗora a sikeli,
allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.
Ta zagaya kansa da zaren awo,
ta shafa maɗiga da yatsa biyu
kamar mai duba ko burodi ya nuna.
Ta kasa kunne a ƙirjinsa,
ni ko numfashi na riƙe, wai kar in dame ta.

Ta ɗaga jan ƙwallon zare.
Idonsa ya bi shi dama, ya bi shi hagu,
hannu ya miƙe, ya kuskure, ya sake.
Ta kaɗa makullai a bayan kunnensa,
ya waiwaya da fuskar wanda aka katse wa magana.
Ta kifa shi a tabarma,
ya dafa gwiwar hannu, ya ɗago kai,
wuya ya tsaya, bai yi lilo ba,
ya dube ta, ya yi mata dariya da dasashi.

Sai na fashe: wata shida fa, bai zauna ba.

Ta ce, daga ina ka fara ƙirga?
Na ce, daga ranar da ya faɗo.
Ta ce, ƙirga daga ranar da ake sa ransa.
Wata biyu ya baro a ciki bai cinye ba,
yanzu yake biya a waje.
A littafina ɗan wata huɗu ne,
kuma aikin ɗan wata huɗu ya yi min, har da gyara.

Ta ɗiga tawada a kan katin,
ɗigo na biyar, yana hawa a hankali
kamar tsoho a kan tudu.
Nauyin bai cika yadda take so ba,
ta faɗa, ba ta ɓoye ba.
A ƙara ba shi mama, dare da rana.
In ya ƙi tsotso, in jiki ya yi zafi,
in maɗiga ta kumbura ko ta lotsa,
kada ku jira jirgi, ku kira ta rediyo.

Allurar riga-kafi ta shiga cinya,
ya tsala ihun da ya tashi tsuntsaye daga kan rufi.
Griselda ta yi dariya tana share ido.

A hanyar gida yayyafi ya dawo.
Ya damƙi gemuna ta cikin bargo
ya ja, da gaske ya ja.
Ban ɓamɓare hannun ba
har muka wuce ƙofar gidan Oyarzo.